Wasiƙar da Aka Naɗe Ƙosai da Ita

A layinmu na Tudun Wada ni ce malamar kwamfuta, ko da yake ba wanda ya naɗa ni. Aikin buga takardu nake yi a ofishin wata makaranta, ina kuma da tsohuwar kwamfuta da firinta a falona, shi ke nan sai na ɗauka an ɗora mini nauyin shiryar da jama'a. In na shiga gidan mutane barka ko gaisuwa, kafin in zauna idona ya riga ya kai kan soket. A kashe wannan, a zare wancan. Kada a ɗora laftof a kan katifa, ta ƙasa take numfashi. In an ɗauke wuta a cire filogi, don ba a san da wane fushi za ta dawo ba. Mataccen batir ba a jefa shi a kwata, ba a kuma ƙona shi da shara. Maigidana ya ce ko liman yana zama tsakanin huɗuba da huɗuba, amma ban da ni.

Babban wa'azina kuwa a kan takarda yake. Kada ka buga abin da za ka iya karantawa a allo. In ka buga a fuska ɗaya, ka ajiye, bayan ma takarda ne. Itace ake sarewa a yi ta. Ina da wani kwali a ƙarƙashin tebur da nake tara masu farin baya, daga gida da daga ofis, da niyyar zan yi amfani da su wata rana. Kwalin ya cika har ya fara amai.

A wannan shekarar ne Yayana ya sa aka sare ɗorawar Baba.

Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da shi. Mai walda ne, ba shi da yawan magana, shi ya tsaya mini har na gama makaranta. Baba da ya bar aikin jirgin ƙasa ya sayi gona a wajen Gwada, a tsakiyarta akwai wata ƙatuwar ɗorawa. A gindinta yake shimfiɗa buhu ya yi sallar azahar, a nan muke cin abinci, kalwarta kuma ita Inna ke yi mana daddawa da ita. Ban ji labarin sarewar daga bakin Yaya ba. Wata mai kawo doya ce ta gaya mini a kasuwa, tana tsammanin na sani, har da ƙarin cewa masu gawayi sun kwashe itacen.

Ban tare shi da maganar ba. A gidanmu ƙarami ba ya ɗaga wa babba murya, ni kuma na san in na buɗe baki ba zan iya rufewa ba. Sai na koma gaisuwa ƙwaya ɗaya, ina kwana, lafiya lau, in wuce. Fushin kuma na kai wa kwamfuta. Duk ranar Asabar bayan na gama wanki sai in zauna in rubuta masa wasiƙa mai shafi uku, in gyara, in ƙara barkono. Kuma ni ɗin nan mai hana mutane bugawa, kowace sai na buga ta a sabuwar takarda, don a allo zagi ba ya fitowa yadda nake so. In karanta a tsaye, in ji sanyi a raina, in cusa a kwali. Ban taɓa niyyar aikawa ba. Sau bakwai na yi haka.

A bakin layinmu akwai mai ƙosai, wata dattijuwa 'yar Gbagyi da kowa ke kira Mama. Da safe kafin ta tafi coci ma sai ta sallami mutane. Na daɗe ina yi mata surutu a kan zuba ƙosai mai zafi a baƙar leda, ga cuta ga toshe kwata. Ran nan ta gaji ta ce, "To Anti, kawo takarda mana." Na ji kamar an ba ni lambar yabo.

Sai dai ba kowace takarda ake naɗe abinci da ita a yar a ƙasa ba. Na zauna da kwalin ina tacewa, duk wadda na hango sunan Allah ko bismilla ko sallama a jikinta in ware gefe, in sa a wata jaka. Idona abin nan kawai yake farauta, ban karanta komai ba, ga shi ina hira a waya. Wasiƙun Yaya kuwa da fushi na fara su, babu sallama babu gaisuwa. Ko wallahi ɗaya ban sa ba, don na san akwai maganganun da ba zan iya rantsuwa a kansu ba. Haka suka wuce tantancewa lafiya lau. Da na kai wa Mama, har na ƙara mata darasi: farin gefen shi zai taɓa ƙosai saboda tawada, rubutun ya kalli waje.

Kwana biyar bayan nan na lura gaisuwar unguwa ta canza. Matar maƙwabcinmu ta riƙe hannuna ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Na ce wa ya rasu? Ta ce a'a, ai na ɗorawa. Ban gama juya wannan ba telan bakin masallaci ya tsayar da keken ɗinki ya leƙo.

"Malama, ashe haka kike da alƙalami? 'Ka sayar da inuwar Baba a buhun gawayi.' Kai! Tun jiya nake maimaitawa."

Da silifas ɗaya nawa ɗaya na maigida na isa wajen Mama.

"Mama, ina takardun nan?"

"Ya kare tun jiya, Anti. Takardanka yana da kyau, ba ya shan mai. Mutane suna so shi. Wani ma ya ce in duba masa mai lamba biyu, shi ya karanta na daya."

"Yayana fa? Ya zo nan?"

"Kullum yana zuwa. Da na dari biyu yake saya, yanzu sai ya ce a raba masa kashi hudu, kowane da takardansa."

Na dawo gida na zauna a ƙasa. Na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Tsoro nake ji na gaske. Yaya ba ya faɗa, amma in ya ɗauke ƙafa daga waje ya ɗauke ke nan, kuma ba ni da wani ɗan'uwa a duniya da zan je na ce a ba shi haƙuri. Maigida ya ce in je in same shi. Na ce da wace fuska?

Washegari da hantsi Yaya ya yi sallama. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma, ya zaro wani ƙunshi daga aljihu ya fara jerawa a gabansa. Takarduna ne, sun sha mai har ana ganin tabarma ta cikinsu, falon ya game da ƙanshin ƙosai da yaji. Ya jera su da kyau kamar mai shirin auna ƙarfe.

"Shafi na ɗaya ina da biyar," in ji shi. "Na biyu ina da huɗu, ɗaya tela ne ya ba ni aro. A wannan ni azzalumi ne. A wannan an ƙara mini girma, na zama mai zuciyar gatari. Wanne ne na ƙarshe, don in san matsayina?"

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri, ba aikawa zan yi ba."

"Ai kin aika, Auta. Har da yaji." Ya ɗaga ɗaya. "Duk na biyun a waje ɗaya suke tsayawa: 'Abin da ya fi ƙona mini rai ba itacen ba ne.' Daga nan shiru. Kwana huɗu ina cin ƙosai har cikina ya ɓaci, ban samu na uku ba. Wa ya saye?"

Sai a lokacin na gane. Shafi na uku gajere ne, kuma da addu'a ga Baba yake ƙarewa, don haka tacewar ta kama shi. Zagin duka ya fita gari, shi kuma yana nan a jaka a kan wadirof, guda bakwai, tsaf. Na ɗauko ɗaya na miƙa masa.

Abin da ke ciki ba shi da yawa. Na ce da ya gaya mini, da na je na zauna a gindin ɗorawar ko sau ɗaya kafin a sare. Na ce tun da Baba ya rasu nan ne kaɗai nake zuwa in ji kamar ya ɗan zaga ne zai dawo. Na ce kullum ina hango shi, shi Yaya, tsaye riƙe da ƙugu yana nuna wa masu inji inda za su yanka, kamar itacen kowa.

Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya gama ya sake komawa sama. Sannan ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Cikinta ya ruɓe," ya ce. "Reshe ɗaya ya faɗo da damina, saura kaɗan ya danne matar mai yi mana noma. Na ɗauki waya sau uku in kira ki, na rasa ta inda zan fara."

Ya sake duban takardar.

"Kuma ban tsaya riƙe da ƙugu ba, Auta. Da suka tayar da injin, bakin titi na koma na zauna a kan babur, na ba gonar baya. Har suka gama ban iya juyowa ba."