Gyauron Inna Kande

Duk wanda ya shiga gidan Inna Kande a Matameye sai ya tambayi dalilin ramin nan. Tsakar gida shafe da siminti sumul, amma kusa da randa an bar ƙasa tsirara, faɗin faifai uku.

Inna Kande tuwo take sayarwa tun tana da ƙarfinta, kuma ba ta taɓa shuka tumatir ba. A gindin randar take wanke kayan miya ta watsar da ruwan. Da sanyi ya shigo sai gyauron tumatir ya fito da kansa, 'yan ƙanana masu tsami. Ta kewaye su da ƙaya saboda awaki, tana yi musu faɗa kamar jikoki in sun yi nawar nuna. Abin da ya fi ƙarfin tukunya ta yanka ta shanya, ya zama kauɗa.

Autanta Iliyasu bai san wannan ba, don da an gama girbi yake tafiya ci-rani Kano, sai bazara ya dawo. Bana ya dawo da buhunan siminti da magini, wai uwarsa ta gama taka caɓi. Ta ji daɗi har ranta. Amma da aiki ya doso randa, sai ta jawo kujerarta ta zauna daram a wurin.

"Inna, ki ɗan matsa mana," in ji Iliyasu.

"Ba inda za ni. Akwai masu wurin."

Ya duba, ƙasa ce busasshiya, ko ciyawa babu. "Su wa?"

"Suna ƙasa, barci suke."

Magini ya juya baya yana dariya. Iliyasu ya yi lallashi, ya kawo zancen tsadar siminti, ya ce zai riƙa sayo mata tumatir manya a kasuwa. Ko gezau.

"Kai, kauɗar da nake ƙulle maka a jaka duk shekara, wadda kake cewa ita ke sa ka ji kamar kana gida, daga ina kake zaton take fitowa?"

Iliyasu ya sake duban ƙasar. Can ya karɓi sandar awo daga hannun magini, ya zana da'ira kewaye da kujerar. Ya ja baya ya duba, ya goge da ƙafa, ya sake zana wata da ta fi ta faɗi.