Bulon da Ya Gaza Kaiwa

Majajjawa ake ce masa a wurin gini, kuma sunan ya dace da shi. Shekara ashirin da shida aikinsa guda ne: ya tsaya a gindin bene, ya ɗauki jan bulo bibbiyu ya cilla sama, ƙanensa Auta na kan katako yana cafewa yana miƙa wa birkila. Bai iya ɗora bulo ba, bai iya yaɓe ba. Jifan nan kaɗai Allah Ya ba shi, da shi ya yi aure, da shi yake ciyar da mutum bakwai.

Wanda bai sani ba sai ya ce ai ƙarfi ne kawai. Ina! Bulo in ya bar hannu ba abin da ke ƙara masa gudu. Ƙasa na janyo shi, yana hawa yana sanyi, har ya tsaya cak na ƙiftawar ido kafin ya juyo. Gwaninta ita ce tsayuwar nan ta zo daidai ƙirjin mai cafewa, ya ɗauke shi kamar an ajiye masa a kan tebur. Ka cika ƙarfi, ka fasa masa yatsu. Ka rage, bulon ya dawo maka da gudun da ya tafi da shi. Majajjawa ko ɗaga kai ba ya yi, ƙarar cafewa kawai yake saurare ya sake sunkuyawa.

Bara kafaɗarsa ta fara ciwo, ya ɓoye, don ɗan kwangila ba ya ajiye leburan da jifansa ya gaza. Tunda dai bulo bai taɓa dawowa ba, sai ya ɗauka hannunsa na nan yadda yake.

Wata safiya birkilan ya leƙo ya ce, "Malam, don Allah ɗaga kai ka dubi ɗan'uwanka."

Ya ɗaga. Auta, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana kwance rub da ciki a kan katakon, ya saƙale ƙafa ɗaya a jikin rodi, rabin jikinsa na reto a waje. A ƙasan katakon yake tarar bulon, kamu guda ƙasa da inda ya kamata ya kai.

"Auta, mene ne haka?"

"Cillo kawai, Yaya, ɗan kwangila na kallo."

"Tun yaushe?"

Birkilan ne ya amsa. "Wata uku ke nan. Ni dai na gaji da gani."

Kunya ta rufe Majajjawa, tsoro ya biyo baya. Ya tattara iya ƙarfinsa ya cilla, kafaɗar ta ɗau zafi kamar an zuba mata garwashi. Bulon suka tsaya ƙasa da yatsun Auta. Auta ya ƙara zurmowa, katakon ya yi ƙara, hannunsa ya cafi iska. Bulon suka dawo suka tarwatse a gaban ƙafar mai jifan.

Ya sunkuya ya ɗauki wasu biyu, ya daɗe yana riƙe da su, sannan ya mayar kan tsibin a hankali.

"Yaya, sau ɗaya ne fa! Sake cillowa, hannuna na da tsawo!"

Majajjawa ya je famfo ya wanke hannu, ya ɗauki rigarsa daga kan buhunan siminti. Auta na ta kwala masa kira daga sama. Ya fito bakin titi ya tsaya, ko hantsi bai gama dubawa ba, ya rasa abin da zai ce wa matarsa in ta gan shi a gida a wannan lokaci.