Barmo, Wanda Ya Raba Azahar Biyu

A'a Zara, tsaya nan, kada ki ƙarasa. Wai mi Barmo yay yi da za a tara mutane dominshi? Wai shekara talatin da ɗaya shina zamne bisa kujera shina buga takarda, yanzu ya yi retret ya aje aiki, a ba shi buta da tabarma ya koma gida? To zamna ki saurara, tunda ke kinka tono.

Kowa garin ga ya san hitar Barmo. Rana na leƙowa bisa dutsi za ki ji tsohon motonshi, babur ɗin nan, na tari ta bayan dangata, shi ko da baƙar jakkarshi rataye, za shi birni gidan shari'a, inda shike girefiye, mai rubuta abin da anka hwaɗi gaban alƙali ya aje. "Inna Jaratu, an tashi lahiya?" Kahin in amsa ya sha kwana. Da marece ya biyo ta nan ya sake gaisuwa. Riga biyu nis san mishi, mai ruwan toka da wadda ta taɓa zama mai ruwan toka. Ba ya zaman shayi, ba ya siyasa. Gogo Fatiha na iya ba ki labarin kwana huɗu da yay yi cikin ɗakin tsohin takardu, gara na zubo mishi bisa kai, har yas samo takardar gonar mijinta, wadda dangin mijin sunka rantse ba a taɓa yi ba. Ta kai mishi zabi biyu, ya maido su da igiyarsu. Amma ba wannan nike so ki ji ba. Zancen Yasin nike so, wanda duk garin ga munka yi saurin mantawa.

Shekara ukku ke nan, ranar kasuwa, bayan an gama kwasar albasa, rudun Alhaji Habu yak kama wuta, rumbun albasar nan da ke gabas da gidana bakin hanyar shanu. Wahalar shekara guda ta zama hayaƙi. Kahin toka ta huce an riga an samu mai laihi: Yasin, makiyayin rugar bayan dutsi, don sun taɓa musayar yawu da Alhaji bisa burtali. Jandarmomi sunka zo suna tambayar wa yag gan shi kusa da rudun. Anka nuno ni, tunda ƙohwata hanyar take kallo.

Na ko gan shi. Jandarman da ke rubutu baƙo ne, watanshi biyu da zowa, Hausarshi ba ta wuce gaisuwa ba. Yac ce da wane lokaci? Nic ce ana kiran azahar. Yaj juya wurin mai gadin da ke juya mishi magana, yac ce ƙarhe nawa ake azahar garin ga? Mai gadin mutumin tsohon masallaci ne, yac ce biyu da rabi. Baƙo yar rubuta biyu da rabi.

To ke kin san abin da baƙo bai sani ba. Azahar biyu gare mu. Samarin masallacin bakin titi na kiran tasu ɗaya da rabi, rana na gocewa kaɗan. Tsohon masallaci ko sai inuwa ta miƙe, biyu da rabi. Shekara ashirin muna hwaɗa bisa awar nan guda, har akwai wa da ƙane da ba su cin tuwo kwano ɗaya saboda ita. Ni kiran samari nij ji sa'adda Yasin yaw wuce, wutar ko sai bayan kiran tsohi tat tashi. Mai gadin ya duƙo yac ce, "Inna, azaharmu ko?" Ba ni da montur, agogon hannu, amma kunnena lahiyarshi lau. Nit tuna waken da shanun Yasin sunka cinye mini bara waccan, har da harawar. Nic ce, "In kun ce haka." Nid dangwala yatsa.

Yasin yac ce shi kasuwa shike sa'adda wuta tat tashi, wurin sayen kantun gishirin shanu, gaban hwarmasin Nazir mai saida magani, a je a duba. Nazir na da kamara bisa ƙohwa, tana ɗaukar mai wucewa tana rubuta lokaci a gehe. Anka duba. Ga Yasin nan da malhwarshi, ya iso ɗaya da minti ashirin, ya tahi biyu saura minti goma. Littahin jandarmomi kuma ya ce Alhaji ya kira su ukku saura minti ashirin. Lambobin ga na haddace su, sun hi sunayen jikokina zamna mini a kai. Sunka jera abin tsab: ya bar kasuwa, ya taka rabin awa zuwa rudu, tsohuwa ta gan shi biyu da rabi, wuta ta tashi. Kamarar da yak kira ta hisshe shi ita taƙ ƙara ɗaure shi. Anka kai shi kaso, gidan yari.

Kwana arba'in da ɗaya yay yi ciki. Matarshi Raihanatu in ta zo rijiya mata su janye gugarsu. Shanu ba mai kora, ukku sunka ɓace. Ni ko ina cin tuwona, shina wucewa, ban ce shina wucewa da daɗi ba.

Sannan dosiyen, takardun shari'ar, ya hwaɗo teburin Barmo. Aikinshi ya sa ma takardun lamba ya miƙa ma alƙali, ba wanda zai tuhume shi in nan yat tsaya. Sai yag ga guntun hoton kawai anka kawo, daidai inda Yasin shike. Yar roƙi alƙali a kawo na yinin duka. Yaz zamna gaban ordinatar, kwamfuta ke nan, shina kallon kasuwarmu tun hantsi, hoto ba murya, masu gabun albasa, masu saye, jakkai na shiga na hita. Wanda ke share ofishin yac ce ji yay yi Barmo ya tuntsure da dariya shi kaɗai, abin da ba a taɓa ji ba gidan nan.

Ɗangana mahauci yag gani. Ya ruhe namanshi da buhu, ya ɗauki buta, ya bi ta bayan kahwaɗar Yasin za shi sallah, tsohi na biye da shi, kamara ko ta rubuta ɗaya da ashirin da biyat. Ɗangana! Mutumin da yar rantse gaban jama'a ko gawarshi kada samarin bakin titi su sallata. Baƙo zai ga mahauci da buta. Barmo ɗan garin ga ne, ya san ƙahwar Ɗangana ba ta motsawa sai ladanin tsohon masallaci ya yi gyaran murya. Ke nan kamarar ta makara da awa guda da wani abu.

Alƙali yac ce, "Malam Barmo, mahauci da buta ba hujja ba ne. Jandarmomi sun duba agogon kamarar, daidai shike." Barmo bai yi gardama ba. Yat tahi wurin Nazir, yas sayi maganin ciwon kai da ba ya bukata, yac ce, "Nazir, batirin pannonka na hasken rana lahiya?" Nazir yaɗ ɗan sosa ƙeya. Ashe in batirin ya mutu agogon tsayawa shike, in wuta ta dawo ya ci gaba daga inda yat tsaya. Kwana biyu bayan gobarar Nazir ya lura ya gyara abinshi, bai gaya ma kowa ba, kada a ce kayan banza yas sayo. Minti nawa yag gyara kuwa, yac ce wallahi bai riƙe ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga girefiyen gidan shari'a durƙushe gaban hwarmasi da alli a hannu. Duk minti goma ya dubi monturshi, ya ja layi inda inuwar ginshiƙin rumhwa tak kai. Rana na dukanshi, mutane na tsallake shi. Ke da kanki kin ji ana cewa Barmo ya zare, takarda ta ci kanshi. A cikin hoton, sa'adda Yasin ke aza kantu bisa kai, inuwar ta taɓa matakala ta biyu. Barmo yaj jira ta har ta taɓa. Ukku saura minti biyat. Alƙali yac ce ai inuwa na gocewa cikin wata guda. Barmo yac ce tana gocewa, ranka ya daɗe, amma ba da awa guda ba. Ya kuma karɓi portabul ɗin Alhaji, wayarshi ta hannu, yag gwada da littahin jandarmomi, nan kam sun yi daidai. Wato sa'adda Alhaji ke kiran a kawo ɗauki, Yasin na tsaye gaban kamara shina ciniki.

Saura tsohuwar da tag gan shi biyu da rabi.

Ranar Lahadi yaz zo gidana, a ƙasa, ba moto ba jakka. Yak kihe turmi yaz zamna. Ya gaida ni, ya gaida ƙahwata mai ciwo, ya gaida awaki.

"Inna, tambaya biyu gare ni. Da kinka ga Yasin, gari shike kallo ko daji?"

"Gari."

"Da kaya bisa kanshi?"

"Sanda kawai, bisa kahwaɗa."

"Kantun gishiri ba ya shiga aljihu, Inna."

"Ni nic ce shina shiga?"

Yay yi murmushi, yad dubi ƙasa. "Muryar wa kinka ji tana kira? Ta Malam mai tari na tsohon masallaci, ko ta yaran lasifika?"

"Ka ce tambaya biyu."

"Na ƙara guda. Ki yahe ni."

Na daɗe ina gyara ɗaurin kallabina, lahiyarshi lau kuma. Nic ce, "Ta samari."

Tambayar da nike jira ita ce, kin sani tun ranar? Ita ko bai yi ba. Ni nik kasa riƙewa nic ce, "Barmo, wakena fa..." Yac ce, "Wake wata takarda ce daban, Inna. In kina so in rubuta miki ita, sai in rubuta. Wagga ta mutum ce da ke kaso."

Wanshekare yaɗ ɗauke ni bisa motonshi zuwa birni. Gaban alƙali nis sake dangwala yatsa, wanga karo sai da Barmo yak karanta mini kowane layi da Hausa, a hankali, shina tsayawa in ce i. Abin da yar rubuta shi ne, shaida ta ce ana kiran azahar, ba a rubuta wace azahar ba. Ba ƙarya ciki ko ɗaya, ya dai bar mini sauran in ɗauka da kaina. Kwana biyu anka saki Yasin. Wanda yas sa wutar har yau ba a sani ba, watakila ma ba mutum ba ne.

Kai ne Barmo ɗan Hamisu, mai jiran inuwa. Kai ne kag ga takarda ta cika, an buga mata hatimi, kowa ya gamsu, kac ce bari in ga yinin duka. Ba danginka ba ne Yasin, ba ka taɓa shan nonon rugarsu ba. Garinmu kab bari yay yi maka dariya cikin rana don baƙon da mu munka ƙi. Ba a ƙara maka girma ba, ba a kira sunanka a rediyo ba, jandarmomi ma wata shidda ba su amsa gaisuwarka da daɗi ba. Amma yanzu in sun zo ɗaukar magana garin ga, sai ka ji baƙo na tambaya da gurguwar Hausa, azahar ta samari ko ta tsohi? Daga wurinka sunka koya, ko ba su hwaɗi ba.

Yasin na wucewa ta ƙohwata har gobe, shina gaida ni, gaisuwar nan ko ta hi zagi nauyi. Raihanatu ba ta gaida ni, ita ke da gaskiya. Na gode, Barmo. Ka hidda mutum daga kaso, ka hana tsohuwa ta tahi kabari da shi rataye a wuya. Allah ya ba ka hutu mai lahiya, ya sa naka littahin ya yi daidai ranar da za a buɗe shi. Ku kuma da za ku gaji kujerarshi, in an kawo muku guntu ku nemi sauran, in mutum yac ce azahar ku tambaye shi muryar wa yaj ji.

Mi kinka ce, Zara? Wai ni niy yi, ni ya kamata in je in gode ni kaɗai? To ranar nan wa ke zamne ƙohwata, ta zo aron rariya ta ƙi tahiya? Ke kinka hwara ganinshi, samari na cikin kira, kinka ce mini ga Yasin za shi kasuwa. Ni an tambaye ni na karkace. Ke ba a tambaye ki ba, kinka yi shiru kwana arba'in da ɗaya, kina janye gugarki in matarshi ta zo rijiya. Ɗauko mayahinki mu tahi taron Barmo.