Garba Bi-Lambatu da Karas ɗin Kawu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Garba, wanda mutanen Kazaure suka fi sani da Garba Bi-Lambatu. Allah ya jiƙansa da rahama. Har yau in ina tafiya na ji wari ya taso daga ƙarƙashin kwalbati, sai na waiga. Gani nake zan same shi tsugune a bakin wurin, ya naɗe ƙafar wando, yana shinshinawa kamar mai zaɓen turare a kasuwa.

Duba-gari ne. Ya yi aiki a Roni da Gwiwa da Babura kafin a dawo da shi gida, a ɗora masa aikin da kowa ke gudu: ba da lasisi ga masu sana'ar da ke sakin ruwan aikinsu a lambatun gari, da yanke musu abin da za su riƙa biya. Marina, majema, masu turara shinkafa, masu wankin mota, duk ta teburinsa suke bi. Ƙa'idar ba ta da wuya. A duba ruwanka, a yanke maka kuɗi gwargwadon yawansa da ƙazantarsa, a sa hannu. Yaya ne ya ƙara wani sharaɗi nasa na kansa, wanda ba ya cikin kowace doka. Ba ya sa hannu sai kun taka da ƙafa, kai da shi, daga bakin bututunka har inda ruwan ya ƙare. Ba a mota ba, ba a babur ba. Alhazai da yawa sun ɓata takalmansu masu tsada a hannunsa, kuma daga nan sunan ya samo asali. Da zagi aka fara kiransa da shi, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu.

Mu a gida dariya muke yi masa, har ranar da layi ya zo kan Kawu Haladu.

Kawu Haladu ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, shi ya tsaya mana. Shi ya kai Yaya makarantar koyon aikin tsafta a Kano, shi ya yi masa aure. Duk wanda ya san gidanmu ya san Kawu ba kawu ba ne kawai, uba ne. A waɗancan shekarun ya buɗe marina ta zamani a bayan unguwarmu, ba irin ta da ba mai baba da toka, irin ta hodar launi da soda mai cin hannu. Shaddarsa ta yi suna, har 'yan Nijar na zuwa su saya da sefa. Ruwan rinin kuwa lambatun gari yake faɗawa, yau kore, gobe ja, jibi baƙi ƙirin.

Da aka ce sai ya yi lasisi, Kawu bai ɗauki abin da zafi ba. Ai ɗansa ne a kan kujerar. Ya aika da saƙo a kawo masa takardarsa gida. Yaya ya tafi da kansa, ya cire takalmi a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Kawu, sai dai mu ɗan taka."

"Mu taka ina?"

"Lambatun, Kawu. Har ƙarshensa."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Ni, da furfurata, zan bi kwata a bainar jama'a? Garba, faɗi kuɗin. Ninka shi ma in kana so, in biya."

"Kawu, kuɗin na yasar lambatu ne da gyaransa. Ba ya wanke ruwan."

Daga ranar Kawu ya daina amsa gaisuwarsa. Azumi ya ƙarato, lokacin da marina ke yin cinikin shekara, ga shi in babu lasisi hukuma za ta garƙame wurin. Amma ba wannan ne ya fi damunmu ba. Zumuncin ne muka ga yana shirin tsinkewa a kan idonmu. Matar Yaya ta haihu, aka yi suna, Kawu bai taka ba, shi da a da shi ke raɗa wa 'ya'yanmu suna. Na ga Yaya ranar yana ta leƙen ƙofa har aka shafa fatiha. Ya rame a 'yan makonnin nan, amma alƙalaminsa bai motsa ba. Ni kaina na ce masa ya sassauta, ya ce min in ya tsallake Kawu, da wane ido zai kalli mai wankin motar da ya sa ya taka a makon jiya.

Inna ce ta raba gardamar. Ita ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta kira ni ta ce, "Ka gaya wa yayanka ban haife shi don ya raba ni da ɗan'uwana ba. Shi kuma Haladu ka ce masa in ƙafarsa ta fi ƙarfin lambatu, ni tawa ba ta fi ba. Gobe zan yafa mayafina in taka a madadinsa, gari ya kalla." Kawu ya san yayarsa sarai, ya san za ta aikata. Washegari da safe sai ga shi cikin farar babbar riga, fuska a ɗaure. Ni aka haɗa su da ni, wai don kada su yi abin kunya a titi.

Muka bi ruwan. Ranar shuɗi ne mai duhu, yana kumfa. Ya ratsa bayan gidaje, ya shige ƙarƙashin titi, ya fito ta ɗaya gefen, ya kurɗa tsakanin duwatsu, sannan simintin ya ƙare, ya zama 'yar ƙorama mai gangarawa fadama. Duk tafiyar nan Kawu sai tsaki yake ta ja. Ni da aka haifa a garin ban taɓa sanin inda lambatun nan yake ƙarewa ba sai ranar.

A lambun Malam Buba yake ƙarewa. Bafulatani ne dattijo da ya bar yawon kiwo ya zauna, yana noman rani da 'yan shanun da suka rage masa. Bai san Kawu ba. Ya dai ga baƙi, har da babban mutum a cikinsu, sai ya yi abin da kowane mai lambu ke yi. Ya tumɓuko karas masu kyau, ya ɗauraye su a ruwan da ke gudana a gabansa, tun da ba shi da wani, ya miƙa wa kowannenmu da hannu biyu. A wurinmu kuwa, mutum ya miƙo maka amfanin gonarsa ka ƙi ɗanɗanawa a gabansa, ka ci masa fuska.

Kawu ya riƙe nasa yana jujjuyawa, shuɗin ruwan yana ɗiga a yatsunsa. Ni ma na riƙe nawa ina kallon ƙasa. Yaya kuwa sai ya yi bismilla ya kai nasa baki. Kafin haƙori ya taɓa, Kawu ya make masa hannu, karas ɗin ya yi tsalle ya faɗa cikin latas.

"Kai mahaukacin ina ne? Ka san abin da nake zubawa a ruwan nan? Ma'aikatana ma sai da safar roba suke taɓa shi!"

Malam Buba ya dubi Kawu, ya dubi ruwan. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe naka ne, Alhaji. To, sannu da aiki. Jikokina kullum sai sun yi musu kan launin da zai zo gobe. Shanun dai sun ƙi sha, sai na kai su can nesa. Sun fi mu wayo."

Muka juyo. A hanya Kawu ya tsaya ya share gumi da hannun riga, ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Garba, me za a gina?" In ban da tsawar da ya daka masa a lambu, wannan ce maganar farko da ya yi masa tun rikicin.

Ya gina. Ruwan farko mai kauri aka yi masa tanki, ana kwashewa a kai inda hukuma ta keɓe. Ruwan ɗauraya kuma aka yi masa ramuka masu tsakuwa da yashi da gawayi, sai ya bi ta cikinsu ya kwanta kafin ya ga lambatu. Cinikin sallar shekarar ya wuce Kawu. Da aka gama, suka sake takawa, Yaya ya sa hannu, ya yanke masa kuɗinsa daidai da na kowa, ko kwabo bai rage ba. Kawu bai daina mitar wannan ba har Yaya ya bar duniya, amma ya koma amsa gaisuwa, kuma jaririyar nan da bai je sunanta ba ita ta zama 'yar lelensa.

Na taɓa tambayar Yaya ko da gaske zai ci karas ɗin nan. Ya yi dariya ya ce, "Na san ba zai bari ba. Tun ina rarrafe yake ƙwace min abu daga baki."

Yau garin ya cika ya tumbatsa. Injinan shinkafa, masu ruwan leda, wuraren wankin mota a kowace kwana, kowa da bututunsa. Lasisi kuma ta waya ake sabunta shi, kana zaune a shagonka. Na san wannan zai burge Yaya, don ya tsani layi, ya kuma tsani kuɗin da ke bi ta hannu da yawa kafin ya isa inda aka nufa. Amma na san tambayar da zai yi bayan ya gama yabon: to, wa ya taka? Ban ce ma'aikatan yanzu ba sa aikinsu ba, akwai yaransa a cikinsu, kuma suna ƙoƙari. Tsorona kawai shi ne mai sana'a ya ga shaidar biya ta shigo wayarsa, ya ɗauka ya sayi lambatun da duk wanda ke ƙarshensa.

Yaya bai bar bene ba, bai bar mota ba. Wani tsohon babur ya bari, da takalman roba da suka sha faci. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi, kuma Kawu, da ya so a ce Garba ne zai binne shi, shi ya tsaya a kan kabarinsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ina kewarsa ƙwarai, har da taurin kan nasa da ya sha ba ni haushi.

Kawu yana nan da ransa, tsufa ya kama shi sosai. Ɗansa Nasiru ke riƙe da marinar yanzu. Ba wata doka da ta tilasta musu, amma duk shekara in lokacin sabunta lasisi ya yi, Kawu ba ya bari a biya sai an kai shi fadama. Bana da ni aka je. Adaidaita ta kai mu inda titi ya ƙare, daga nan ni da Nasiru muka riƙe shi ta hammata, muna bin gefen ruwan sannu a hankali. Malam Buba shi ma ya rasu, ɗansa Sambo ne a lambun. Ya san Kawu ba shi da haƙoran karas yanzu, don haka ya tsinko tumatir nunanne, ya ɗauraye a ruwan da ke gangarowa daga gari, ya miƙa masa da hannu biyu.

Kawu ya yi bismilla, ya mamula da dasashi, ruwan tumatir ɗin yana bin gemunsa. Da ya haɗiye, sai ya juya gefensa na dama, inda babu kowa, ya ce, "To, Garba, na ci. Sa hannu."

Sai a lokacin Nasiru ya ciro wayarsa ya biya.