Masara Dubu Huɗu da Ɗari Huɗu da Arba'in da Huɗu

Wata Alhamis ce cikin damina, shekarar da Turawa suka kwashi sojojin Hausawa zuwa Kumasi, babana na cikinsu. Wata uku ba labarinsa, Inna ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. Ni kuwa ban wuce shekara goma ba, a tsohon zangon Accra, tun unguwar Nima tana daji.

Malamin unguwarmu ya ce a yi salati saboda Baba, ƙafa dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu, a zama ɗaya, kada a ƙara kada a rage, kuma kowace mace ta ɗauki daidai da na 'yar'uwarta. Da ƙwayar masara ake riƙe ƙirgen, ni aka sa in ware ta, don ni ke ƙirga wa Inna goro. Tun hantsi nake tsugune ina jera ɗari-ɗari a tabarma, ina korar kaji da ƙafa, bayana kamar zai ɓalle.

Mata goma suka zo. Aka raba, kowa ta sami ɗari huɗu da arba'in da huɗu, sai ƙwaya huɗu suka zauna a faifai. Gwaggo Habi, yayar babana, ta ce a sallami mutum ɗaya. Muka gwada tara, bakwai suka yi saura. Muka gwada takwas, huɗun nan suka dawo, aka koma rabon goma. Rana tana ta tafiya, kowa ta gaji. Wata ta ce a watsa wa kaji mana, wa zai sani? Inna ta ce, "Allah zai sani," ta sa gefen mayafi a ido.

Ni ban taɓa shiga makaranta ba, amma idona na ganin lissafi. Na ce, "Kowa ta ba ni arba'in." Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, salati ne fa, ba carafke ba!" Duk da haka suka miƙo. Arba'in goma ɗari huɗu ke nan, na haɗa da huɗun faifai. Mu goma sha ɗaya, kowa ɗari huɗu da huɗu cif. Gwaggo ta ƙirga da kanta har sau biyu, sannan ta matsa mini a tabarma.

Na kasa nawa gida huɗu, ɗari da ɗaya-ɗaya, don in sami wurin numfashi. Na so in ƙara gutsura ta, ɗari da ɗayan nan ta ƙi. Biyu-biyu, uku-uku, bakwai-bakwai, kullum sai ƙwaya ɗaya, ko biyu, ko uku, su yi saura. Haka na ɗauke ta ɗungurungum har sau huɗu. Kafin magariba harshena ya yi nauyi, gwiwoyina sun mutu, amma na sauke.

Baba bai dawo ba. Bayan Sallah wani abokinsa ya kawo mana jar hularsa. A zaman makoki Gwaggo ta ce, gaban kowa, an cusa yarinya cikin manya, wa ya sani ko ta tsallake.

Yanzu jikokina a Nima sukan dawo daga makaranta suna cewa, "Kaka, ɗari da ɗaya ba ta rabuwa, malaminmu ya faɗa." Su rubuta da alli, su share, su fita wasa. Ni da gwiwa na san ta. Kuma ban tsallake ko ƙwaya ɗaya ba. Gwaggo ta rasu ba ta yarda ba, ni kuma na gaji da rantsuwa.