Ƙafafun Malam Idi a Hasumiyar Fitila

Duk abin da zan manta a aikin masana'antar safa, ban da ranar da ni da Malam Idi muka hau dutse a wani tsibiri can arewacin Scotland, ƙafafunmu ɗauke da hatimin kamfani.

A tsakiyar shekarun 2000 ne. Ina sashen duba inganci a wata masana'anta a gefen Greensboro, can ƙasar da muka je ci-rani, aikina in shafa safa in nemo aibinta, aikin da bai yi nisa da makin jarrabawar da na baro a Zariya ba. A lokacin masaƙun jihar sai rufewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, mu ma an soke obataim, ana raɗe-raɗin za a sallami rabinmu. Abin da ya rage mana shi ne wata sabuwar safa ta masu hawan dutse, wadda ruwa ba ya ratsa ta daga waje. Wani dillali a Scotland ya ce zai saya da yawa, amma sai an gwada ta a ƙasarsu, a kan hanyar wata hasumiyar fitila, irin wadda ke haska wa jiragen ruwa hanya.

Ba don ilimi aka zaɓe mu ba. Ana son ƙafa mafi ƙanƙanta da mafi girma a masana'antar. Tawa ce ƙaramar. Babbar kuwa ta Malam Idi ce, mutumin Damagaram mai kula da injin saƙa, wanda in ya ajiye takalmansa a ƙofar masallaci sai ka ɗauka kwale-kwale biyu ne suka iso gaɓa. Safa guda biyu tak, ta dama da ta hagu, aka saƙa daidai shi.

Ƙa'idar gwajin mai sauƙi ce. Da safe sufabaizarmu, Madam Linda, za ta naɗe bakin kowace safa da tef ta sa hannu. Ba cirewa sai an je an dawo. In tef ya yage, gwaji ya ɓaci.

Na ja Malam Idi gefe. "Malam, alwala fa?"

"Ticha, ta asuba zan riƙe. Ni da na yi Agadas zuwa Damagaram a bayan babbar mota da alwala guda?"

Ranar gwajin, a masaukinmu na tsibirin, ni shayi ma ƙin sha na yi. Shi kuwa da matar masaukin ta kawo karin kumallo, ya ga wake a cikin jar miya, sai ya tuna gida. Ya share faranti, ya nemi ƙari.

"Malam, wake ne fa."

"Bon, waken Turawa ne, ba ya da ƙarfi."

Muka kama hanya. Babu itace ko ɗaya, sai ciyawa mai tsotse da ruwa kamar soso, da tumaki masu kallon raini. Iska tana tura mutum gefe, hagu da mu kuma dutsen ya yanke tsaye, teku na dukan gindinsa can ƙasa. Madam Linda na gaba da sanduna biyu. Malam Idi, wanda ya fito yana ba ni labarin Sahara, ya koma haki tun kafin mu yi rabi.

Bayan azahar muka isa. Farar hasumiya ce a bakin gaɓa, ba kowa sai tsuntsaye. Na shimfiɗa rigar ruwata a bayan bango, na ce ya ja mu sallah.

Ya kalli teku. "Ticha, tawa ta tafi."

"Yaushe?"

"Tun wajen tumakin can. Iska ce ta rufa mini asiri."

Na ce ko taimama zai yi. Ya nuna sama, ana yayyafi, ya nuna teku, ya nuna wata ƙorama a gefenmu. "In yi taimama a nan, in ce wa Ubangiji ban samu ruwa ba?" Shafa a kan safa kuwa, ya ce malaminsa bai yarda da ita ba sai ta fata.

Ni aka tura wajen Madam Linda, tunda ni ne mai Turanci. Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta yi ja, ba na jin sanyi ne kaɗai.

"Ka gaya masa ba mu da wata safar girmansa. Ka gaya masa mutum nawa ke jiran wannan oda."

Na gaya masa. Ya sunkuyar da kai, don matarsa ma a sashen naɗe kaya take.

"Ka ce da Madam ta yi haƙuri. Safa ta kamfani ce, ƙafa kuwa ba ma tawa ba ce, aro aka ba ni."

Ya yage tef. Ya wanke ƙafa a ƙoramar nan yana salati da ƙarfi saboda sanyi, muka yi sallah, ya mai da safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa. Muka sauko.

A masauki ya zare safar, sai matar gidan ta saki ƙara. Ƙafafunsa sun rine shuɗi shar har idon sawu, kamar ya kwana a marina. Nawa fes. Ashe rinin cikin safar yana zuba in ya jiƙe. Duk gwajinmu daga waje muke zuba ruwa, kuma sanyin ranar bai bari na yi gumi ba. Madam Linda ta durƙusa tana kallon ƙafar nan, sai ta fashe da dariya har da hawaye, ta ɗauko kyamara.

An sake rini, odar ta yi jinkiri, amma ta zo, ba a sallami kowa a shekarar ba. Malam Idi ya yi Juma'a biyu da ƙafar shuɗi, har yau 'yan masallacinmu na High Point Road Sarkin Marina suke ce masa.

Ku sababbin shiga aikin nan, in kun ga ana jiƙa safa ta ciki kafin a tura ta, daga nan abin ya samo asali. Na koyi cewa mai rubuta ƙa'ida a ofis ƙafarsa a bushe take, don haka kafin ku naɗa wa mutum tef, ku tambaye shi yadda yininsa yake tafiya. Ku kuma tambaye shi me ya karya da shi.