Kada a bar Daktora Miryam ita kaɗai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daktora Miryam ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina kicin ina haɗa wa yara abin makaranta. Shugabar ward ɗinmu ce ta kira, ta faɗa sau biyu ban gane ba. Wai ta fito za ta shiga motar asibiti, ta dafa ƙofa ta sulale. Zuciya ce. Kafin a iso da ita emergency rai ya yi halinsa.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, likitar jarirai bakwaini ce a asibitin da nake aikin ungozoma a nan Riyadh. Daga Kanada ta zo, amma iyayenta mutanen Maroko ne. Ta kusa haihuwata a shekaru. Kuma Bayahudiya ce. Na faɗa tun yanzu, wanda zai wuce ya wuce.

Ita ta riƙe Amir ɗina lokacin da na haife shi wata bakwai. Sati shida yana cikin kwalba. Ranar da numfashinsa ya ɗauke na zube a ƙasa, ita ta ɗaga ni. Ta ce, "Ya binti, 'yata, je ki yi sallarki. Ni ina nan, ba zan matsa ba." Na dawo na same ta a inda na bar ta, yatsanta a cikin tafin hannunsa.

Ba ta cin nama a garin nan ko kaɗan. Na ɗauka tsarin likitoci ne, ashe yankan addininsu ne babu a nan. Ɗan wake kuwa, da mai da yaji, sai ta cinye tana hawaye tana neman ƙari.

Ɗan waken ne ma ya sa na san ko wace ce ita. Wata Juma'a na kai mata gida bayan la'asar. Na ga tana ta duba agogo. Gab da magariba ta ce in ba ta minti biyar. Ta ɗaura ɗankwali, ta kunna kyandir biyu, ta rufe idonta da tafukanta tana motsa baki. Da ta buɗe ido ta ce, "Asabar, ranar hutunmu ta ibada, ta shigo. A wurinmu mace ce take shigo da ita gida."

Wallahi gabana ya faɗi. Duk abin da na taso ina ji game da Yahudawa ya dawo min a lokaci ɗaya.

Ta ce, "In za ki tafi ba zan ji haushi ba."

Sai na ce mata lokacin salla ya yi. Ta ɗauko tawul mai tsabta ta shimfiɗa min, ta nuna min alƙibla. Daidai ta nuna.

Daga ranar muka fara hirar da ba na yi da kowa. Ta ce a irin gidan da ta taso, ɗakin ibada na maza ne. Sau uku suke addu'a a rana, kuma akwai addu'o'in da ba a yi sai maza goma sun cika. Mata ko ɗari ne, suna bayan labule, ba a ƙirga su. Gida kuma na mace ne, abinci, kyandir, har yaro ma ta wajen uwarsa yake zama Bayahude.

Na ce, "Daktora, ba ya miki zafi?"

Ta ce, "Kakata cewa take an ɗauke wa mace zuwa ɗakin ibada ne saboda ita ba sai an kira ta ba, zuciyarta na can tuntuni. Yawancin ranaku na yarda da ita. Ranar da babana ya rasu ban yarda ba."

Ita kaɗai ya haifa. Ita ta yi jinyarsa har ƙarshe. Amma akwai addu'ar da ɗa yake tsayawa ya yi wa mahaifi cikin jama'a, Kaddish suke kiranta, sai aka nemo ɗan ƙaninsa da bai taɓa miƙa masa ko kofin ruwa ba. Ita kuma wata goma sha ɗaya tana zuwa tana tsayawa bayan labule, tana bin sa a hankali yadda ba mai ji.

Ta ce yanzu akwai wuraren ibadarsu da suke ƙirga mata, can 'yarta Ester take zuwa. Sun yi faɗa a kai ba sau ɗaya ba. "Tana da gaskiya wataƙila," in ji ta. "Ni dai na kasa barin inda babana ya zauna."

Ni ma na ba ta labarin ranar da Hajiyarmu ta rasu a Zariya, yadda na tsaya a zaure ina kallo maza suka ɗauke ta suka sha kwana.

Ranar Alhamis ɗin nan na raka ta kasuwar Batha, tana neman abaya da turaren wuta za ta kai wa Ester tsaraba. Tana tafiya tana tsayawa, na ce gajiya ce. Muka bi ta gaban wani shagon yadi, ta kai hannu ta shafa farin.

Ta ce, "Irin wannan ake sa mu in mun mutu, kamar ku. Kuma mata ke wanke mace."

Na ce, "Haba Daktora, bar maganar nan."

Ta ce, "Saurara, Hadiza. Ba ma barin gawa ita kaɗai har a binne ta. Wani yakan zauna kusa yana karanta Zabura. In abin ya same ni a nan, ba ni da kowa. Ke za ki zauna."

Dariya na yi. Na ce ni ban iya Zabura ba.

"Ba sai kin karanta komai ba. Zaman ake so."

Na ce in sha Allah, irin wadda ake faɗa don a rufe magana.

Yanzu ga ni kan kujerar roba a bakin ɗakin ajiye gawa tun ƙarfe tara. Ba a bar ni na shiga ba, ni ba dangi ba ce. Wani dattijo ɗan Sudan da ke gadin wurin ne ya kawo min kujerar da na yi masa bayani. Ya ce, "Zauna, ya ukhti, 'yar'uwata, ba mai tashin ki."

Za a mayar da ita Kanada, a can matansu za su wanke ta. Amma sai takardu sun fito, na kafil, wato wanda ya ɗauke ta aiki, na iƙama ta izinin zama, na ofishin jakadancinsu. Kowa na tambaya sai ya ce min bukra, wato gobe. Wani ya ce zai iya wuce sati. Matar da a addininta ba a son gawa ta daɗe ba a binne ba.

Na roƙi duk wanda na gani, in dole sai an taɓa jikinta, don Allah mace ta taɓa. Sun ce za su duba. Ban san ko za su tuna ba.

Ɗazu Ester ta kira. Ba ta tambayi takardu ba, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Cikin kuka ta ce, "Anti Hadiza, ita kaɗai ce?"

Na ce, "A'a. Ina nan."

Amma yau kaɗai aka ɗaga min duty. Gobe da safe ina ɗakin haihuwa. Abban Amir ya ce zai riƙe yara, Allah Ya saka masa, amma ni ɗaya ba zan iya sati ba.

Mata nake nema. 'Yan'uwana na unguwar Shumaisi, na Jaradiya, matan ma'aikatan embassy, duk wadda ke da awa ɗaya ko biyu. Ba abin da za ki yi, zama ne kawai a bakin ƙofa da carbinki. Da yawa cikinku ita ta riƙe muku jarirai ba ku san sunanta ba. Ku yi min magana ta inbox, don Allah, yau.

Na san abin da malamai suka faɗa kan addu'a ga wanda ba Musulmi ba, kuma ban zo musu da kowa ba. Tana hannun Wanda Ya halicce ta, Ya fi ni saninta.

Ya Allah Ka buɗe ƙofofin takardun nan. Ka kai ta hannun matan da za su suturta ta da mutunci. Ka sanyaya zuciyar Ester, Ka ba ni ikon cika alkawarin da na ɗauka da wasa. Mu kuma Ka sa mu cika da imani, kada Ka bar gawarmu a ƙasar da ba mai zama kusa da ita.

Duk wanda ya karanta ya sa mu a addu'a. Gobe Ester za ta sake kira da tambayar nan, kuma ba na son in yi mata ƙarya.